Kwanakin Baƙo: Daga Dokar Ma'aikatan Jirgin Ruwa Zuwa Korar Ƴan Kurmi

Wanda ya tsaya a bakin kasuwar Damana ya dubi kudu, ba abin da idonsa zai sauka a kai sai rairayin Dallol Boso da itatuwan gawo da goruba. Teku tana can nesa. Daga Yamai zuwa Kotonu kaɗai tafiyar ta fi kilomita 1000 a hanyar mota, balle a haɗa da tazarar da ke tsakanin Tondikandiya da babban birni. Don haka mai karatu yana da hujja in ya yi mamakin ganin an ɗauko zancen dokar ma'aikatan jirgin ruwa a shafin da ya saba ba da labarin Filinge da ƙasar Kurfai. Amma duk gidan da aka taɓa jin kalmar Kurmi a cikinsa, wato gidan da wani kaka ko baba ya yi cin rani a Kumasi ko Ankara ko Abijan, dokar nan ta taɓa shi, ko da mutanen gidan ba su taɓa ganin jirgin ruwa ba. A bakin teku an ƙidaya wa baƙo kwanaki a rubuce tun kafin irin wannan dabarar ta iske manomin gero.

Bari mu fara da shi ma'aikacin jirgin. Tun da gwamnatoci suka fara tsare ƙofofinsu, shi ne baƙon da ya fi ba su ciwon kai. Ba fatake ba ne da za a ce ya zo da haja, ba kuma mai ƙaura ba ne da ya nemi izinin zama. Jirgi ne ya kawo shi, kuma dole a bar shi ya sauka ya miƙe ƙafa, ya ga likita, ya aika saƙo gida. Sai aka ƙago masa wani izini na musamman mai ɗaure da jirginsa: yana da damar taka ƙasa muddin jirgin yana tasha, ranar da jirgi ya ɗaga kuwa izininsa ya mutu. A Amurka dokar shige da fice ta 1952 ta yanka iyakar kwana 29. Wanda ya zarce su, ko ya sulale ya bar jirgi ya tafi ba shi, hukuma na da ikon kama shi ta fitar da shi, kuɗin mayar da shi kuma yana wuyan kamfanin da ya kawo shi. Ba a buƙatar ya yi sata ko ya zubar da jini. Laifinsa shi ne rana ta fito ta same shi a inda kwanakinsa suka ƙare.

A Ingila ne aka ga yadda wannan doka take zama makami. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko jiragen kasuwancin Ingila sun ɗebi ma'aikata daga Afirka ta Yamma da Yaman da Somaliya da tsibiran Karibiyan, mafi yawansu a ɗakin wuta, suna zuba gawayi cikin tukunyar injin, aikin da ba kowa ke jure zafinsa ba. Kamfanin Elder Dempster na Libaful, wanda jiragensa ke zirga-zirga zuwa Firitawun da Ankara da Legas, yana cikin manyan masu ɗaukar su. Da yaƙi ya ƙare, sojoji suka dawo, aiki ya yi wuya, sai aka juya kan baƙar fata. A 1919 tarzoma ta ɓarke a tashoshin Gilasgo da Landan da Libaful da Kadif. A Libaful, cikin watan Yuni, taron jama'a ya kori wani matashin ma'aikacin jirgi ɗan tsibirin Bamuda mai suna Charles Wotten har cikin ruwan tasha, inda ya rasu. Maganin da hukuma ta ga ya dace shi ne ta rage waɗanda aka kai wa harin: aka tanadi jirage da ɗan kuɗin guzuri don a mayar da su ƙasashensu.

A 1925 aka kafa wata doka ta musamman kan baƙin ma'aikatan jirgi waɗanda ba farar fata ba. Ta ce duk wanda ba shi da takardar da ke tabbatar da cewa shi talakan Sarkin Ingila ne, sai ya yi rajista wurin ƴan sanda a matsayin baƙo, baƙo kuwa ana iya korar sa. To, ina mutumin da aka haifa a ƙauyen Saliyo ko a bakin Neja a ƙarshen ƙarni na 19 zai samo takardar haihuwa? Mutanen da suka yi wa tutar Ingila aiki cikin yaƙi, wasu da mata da ƴaƴa a Kadif, suka wayi gari baƙi, don kawai ba wanda ya rubuta ranar da aka haife su. Sai cikin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka sake buƙatar hannuwansu, aka soke dokar. Wannan yaƙin ma da ya ƙare, a 1945 da 1946 an tattara ma'aikatan jirgi ƴan Sin a Libaful an loda su a asirce, iyalai da yawa ba su san abin da ya sami mazajensu ba sai bayan shekaru masu yawa.

Abu uku ke cikin wannan tsari, kuma za mu sake haɗuwa da su a gaba: takarda, adadin kwanaki, da ɗora wa baƙo nauyin kawo shaida. Ba hukuma za ta nuna cewa kai baƙo ne ba, kai za ka nuna cewa kai ɗan ƙasa ne.

A ƙasar Hausa da ta Zabarma ba haka aka san baƙunta ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, sun kuma san ƙa'idar addini ta kwana uku na liyafa. Sai dai in kwana ukun sun cika ba a kiran dogari. Baƙo ne da kansa zai ɗauki hauya ya bi masu gida gona, ko ya nemi sana'a. Abin da ke tsare baƙo shi ne mai masaukinsa. Bafataken da ya isa Salaga ko Kumasi sayen goro yana sauka wurin maigida, shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya yi masa dillanci, ya tsaya masa in rigima ta taso. Bisa maigida akwai sarkin zango, bisa sarkin zango akwai sarkin gari. Ba na cewa zamanin nan aljanna ne, domin an kori mutane, an ƙwace dukiya, an ma sayar da baƙin da ba su da mai tsaya musu. Amma ma'aunin shi ne halin mutum da wanda ya san shi. Ba a taɓa jin an ce wa mutum ya tashi don wata ya cika ba.

Ƙasar Kurfai ta fara ɗanɗana kora ta hukuma tun kafin ta san fasfo. Wajen 1925, a Cikal, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fito da wasu sababbin iskoki na bori waɗanda aka kira Hauka ko Babule, masu kwaikwayon gwamna da kwamanda da soja. Abin lura, an ce iskokin daga Bahar Maliya suka zo, har babbansu ana kiransa Gwamna Maliya; ga mutanen tudu, teku ce mafarin duk wani iko baƙo. Motsin ya haɗu da ƙin jinin lanho da aikin dole da kuma sarautar Gado Namalaya, wanda Nasara suka ɗora bisa Kurfayawan da ba su saba da sarki guda mai iko da kowa ba. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka tsare, abin da ya sa shi ma aka mayar da shi iska cikin iskokin, Korsasi, mugun kwamanda. Da abin ya ƙi kwantawa har 1927, sai aka nisanta jagororin daga ƙasarsu. Dokar indijena ta ba gwamna ikon tsare mutum ko kai shi wani yanki har shekara 10 ba tare da ya ga alƙali ba. A nan ɗan ƙasa aka kora daga ƙasar haihuwarsa, kuma wannan ya kamata a riƙe, domin ya nuna cewa hukumar da ta koyi ɗauke mutum ba shari'a ba ta cika damuwa da ko shi baƙo ne ba.

Su kuwa iskokin Hauka sun bi hanyar da samari ke bi, suka gangara Kurmi. Hanyar tsohuwa ce. Tun a rabin ƙarni na 19 mayaƙan Zabarma irin su Alfa Hano da Gazari da Babatu suka kafa iko a ƙasar Gurunsi, a arewacin Gana ta yau. Da mulkin mallaka ya zauna, sai masu neman kuɗin lanho suka maye gurbin masu doki da mashi. Yunwar 1913 zuwa 1914, da ta farar ɗango ta 1931 wadda ta yi wa yammacin Nijar mummunar ɓarna, da aikin dolen da ba a soke ba sai 1946, duk sun tura mutane ƙasar Ingilishi, inda ake biyan lada da kuɗi a hannu. Saurayi zai tashi bayan an gama girbi, ya taka a ƙasa ko ya hau babbar mota, ya dawo kafin ruwan shuka da keke ko akwatin tufafi ko kuɗin aure. Ba wanda ya tambaye shi takardar zama. Turawan Ingila na son hannuwa a gonakin koko da ramukan zinariya na Obuwasi da Tarkwa, don haka suka kau da kai.

A nan ne mutumin dallol ya yi ido biyu da jirgin ruwa. Kafin a buɗe tashar Tema a 1962, Ankara ba ta da wurin da babban jirgi zai jingina. Jirage kan tsaya can cikin teku, masu kwalekwale ƴan gaɓa su yi ta kai da kawowa cikin igiyar ruwa, a bakin rairayi kuma ƴan dako su ɗauki buhunan koko da siminti a ka. Da yawa daga cikin waɗannan ƴan dako, da ƴan kaya-kaya na kasuwanni, mutanenmu ne. Haka a Takoradi, wadda aka buɗe tasharta a 1928. Jean Rouch, wanda ya bi sawunsu ya rubuta bincike kan ƙaurar a 1956, ya ɗauki bikin Hauka kusa da Ankara a fim ɗinsa Les Maîtres fous, a Jaguar kuma ya bi samari uku daga Nijar har bakin teku. A Moi, un noir na 1958, wanda ya fito a matsayin lebura a tashar Abijan shi ne Umaru Ganda, tsohon sojan Indocin, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin iyayen silimar Nijar. Duk wanda ya kalli finafinan nan zai ga abu guda: namu suna ƙasa suna dako, ma'aikatan jirgi suna bisa suna kallo. Na bisa yana da ɗan littafin aiki mai hoto da hatimi, an kuma ƙidaya masa kwanaki. Na ƙasa ba shi da ko ƙyalle, kuma a lokacin shi ne mai ƴanci.

Ƴancin kai ne ya juya lamarin, kuma wannan magana ce mai ɗaci ga wanda ya girma da waƙoƙin haɗin kan Afirka. Sabuwar ƙasa na buƙatar ta san su wane ne ƴaƴanta, hanya mafi sauƙi kuwa ita ce ta nuna waɗanda ba nata ba. Gana ta sami ƴanci a watan Maris na 1957, cikin shekarar kuma majalisarta ta kafa dokar kora. Cikin waɗanda ta fara ci akwai manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, jigogin jam'iyyar Musulmi mai adawa da Kwame Nkrumah. Suka garzaya kotu suna cewa a ƙasar aka haife su. Kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta yi wata doka ta daban mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka fitar da su zuwa Nijeriya. Sarkin zango, wanda a da shi ne inuwar baƙo, ya zama shi ma abin ɗauka. A watan Oktoba na 1958 aka far wa ƴan Dahome da ƴan Togo a Abijan, dubbai suka fice.

Kada kuma mu wanke hannunmu. A ƙarshen 1963, bayan an kifar da Hubert Maga a Dahome, ga kuma rigimar tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta sallami ƴan Dahome daga Nijar, alhali da yawansu malaman lakkol ne da akawuna da ma'aikatan asibiti da suka shekara da shekaru a cikinmu. Dahome ta rama da toshe wa kayan Nijar hanyar tashar Kotonu. Tsibirin da aka yi wannan duka dominsa, sai a 2005 kotun duniya ta Lahai ta tabbatar wa Nijar shi. Tsofaffin malamai da ke karanta wannan shafi wataƙila sun tuna ajin da aka wayi gari ba mushe.

Babbar guguwa ta zo a 1969. Ƙidayar Gana ta 1960 ta nuna cewa kusan kashi 12 cikin 100 na mazauna ƙasar ƴan asalin waje ne, mutum sama da 800,000. A 1963 an yi dokar baƙi wadda ta wajabta takardar zama, amma ba wanda ya damu da aiki da ita, ba hukuma ba, ba baƙin ba. Sai farashin koko ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, aka karya darajar sidi a 1967, samari suka rasa aiki. Kofi Busia ya ci zaɓen Agusta na 1969, kuma ranar 18 ga Nuwamba gwamnatinsa ta fitar da umurnin da aka sani da Aliens Compliance Order: duk baƙon da ba shi da takardar zama, ya samo ta cikin kwana 14 ko ya bar ƙasar. Wa'adin ya cika ranar 2 ga Disamba.

A duba yadda tarkon yake. Ba a ba ka takardar zama sai kana da fasfo ko wata shaida daga ƙasarka. Ba a ba ka wannan sai ka tabbatar da inda aka haife ka. Mutumin da ya bar Tondikandiya ko Imanan ko Kurfai a zamanin da Nijar da kanta ba ta zama ƙasa ba, ya yi shekara 30 yana sayar da hatsi ko katako ko buhunan wofi a Kumasi, da me zai tabbatar? Ɗansa da aka haifa a zango, wanda bai taɓa ganin Filinge ba, shi ma haihuwa a Gana kaɗai ba ta isa ta kare shi ba. Ofisoshin jakadanci suka cika suka batse. Kwana 14 ba su isa a yi wa ko kashi ɗaya cikin goma takarda ba, kuma ina ganin waɗanda suka tsara umurnin sun san haka. Wannan ita ce dokar 1925 ta Kadif, an sauya mata riga kawai: a nemi takardar da aka san babu, a yanka wa'adin da aka san ba zai isa ba.

Ƙiyasin masu bincike ya fara daga mutum 200,000 zuwa sama. Mafi yawansu ƴan Nijeriya ne, musamman Yarbawa, sai ƴan Togo da Haute-Volta da Nijar da Mali. An sayar da gidaje da shaguna da kekunan ɗinki a farashin wulaƙanci, wasu ma ba su sami mai saye ba suka rufe ƙofa suka miƙa wa maƙwabci mabuɗi. Bashin da ake bin mutane ya bi ruwa. An kwana a tashoshin mota da ofisoshin ƴan sanda ana jiran babbar mota, kuɗin mota kuwa ya ninka. Matan aure ƴan ƙasar Gana suka tsaya tsakanin bin miji zuwa ƙasar da ba su san harshenta ba da zama da yara ba uba. Waɗanda suka biyo ta Fada Ngurma sun iso bakin kogi a Yamai suka jira jirgin fito, domin gadar Kennedy ba a buɗe ta ba sai 1970. Ga wasunsu wannan ne karo na farko da suka shiga jirgi, bayan shekarun da suka yi suna ɗaukar kayan jirage a ka.

Gida kuma ba hutu suka tarar ba. Sun dawo cikin shekarun farin da ya kai ga babbar yunwar 1973 da 1974. Gonar da aka bar wa ƙane tun shekara 20 ba ta dawowa da sallama kawai, kuma kuɗin Kurmi da ke cike giɓin rumbu ya yanke daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Ita ma Gana ba ta ci ribar da ta zata ba: manoman koko suka koka da rashin ma'aikata, kasuwannin da baƙi ke riƙe da su suka yi rauni, duk da dokar 1970 da ta keɓe wa ƴan ƙasa ƙananan sana'o'in ciniki. A watan Janairu na 1972 soja suka kifar da Busia. Ƴan cin rani kuwa suka karkata akala zuwa Abijan da Lome da Kotonu, fiye da ko'ina kuma zuwa Nijeriya, inda kuɗin man fetur ya fara ambaliya.

Daga nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Seyni Kunce, ɗan Fandu a ƙasar Tondikandiya, shi ke mulkin Nijar lokacin da aka kafa CEDEAO a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, shi ne kuma a kan mulki da aka sa hannu kan yarjejeniyar walwalar jama'a a Dakar a 1979. An yi murna da ita, kuma ta cancanci murna, domin ta soke biza tsakanin ƙasashen ƙungiyar. Sai dai ta zo da lamba: kwana 90. Wanda ya zarce su sai ya nemi izini. Duk wanda ya san kalandar manomi zai ga inda gizo ke saƙa. Ɗan cin rani yana tashi a Nuwamba ko Disamba, ba ya dawowa sai Mayu ko Yuni, wata shida ko bakwai ke nan. Rani ya fi kwana 90 tsawo. An auna wa'adin da ma'aunin ɗan kasuwa mai jaka ko mai ziyara, ba a auna shi da ma'aunin damina ba. Ma'ana, tun ranar da aka sa hannu, mafi yawan masu tafiya daga dallol an rubuta cewa za su zama masu laifi a tsakiyar kowane rani.

Ba a daɗe ba aka gani. Farashin man fetur ya faɗi, zaɓe ya ƙarato, ga kuma tsoron da rikicin Maitatsine na Kano a 1980 ya bari, wanda aka yi ta jingina shi ga baƙi. Ranar 17 ga Janairu 1983 ministan cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice. Kwana 14 kuma, kamar an kwafo daga littafin Busia. Hujjar Nijeriya ita ce ba ta karya yarjejeniya ba, tunda mutanen sun wuce kwana 90, kuma a bisa harafin takarda gaskiyarta ne, domin matakin da ya ba da haƙƙin zama sai a 1986 aka amince da shi. An ƙiyasta cewa wajen mutum miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu ƴan Gana, waɗanda wasunsu suka yi cincirindo a tashar Apapa suna rububin hawa jiragen ruwa. Ƴan Nijar suka kwararo ta kan iyakokin tudu zuwa Gaya da Ƙonni da Maraɗi. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, a 1985 ta sake yin wata korar, daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona. Shi ya sa har yau a ƙasar Hausa ta Nijar ake kiran yunwar 1984 da suna El Buhari. Ba mutum ne ya hana ruwa zuba ba, amma talaka ya san wanda ya rufe masa ƙofar da ya saba fita in ruwa ya ƙi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan tarihi shi ne yadda masu hawa biyu suka yi musayar wuri. Ma'aikacin jirgi, wanda aka fara gwada dokar a kansa, ya sami masu tsaya masa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi masa yarjejeniyar katin shaida a 1958, ta sabunta ta a 2003. Babbar yarjejeniyar aikin teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta wa mai jirgi mayar da ma'aikaci gida da kuɗinsa, an kuma ƙara sharaɗin ajiye lamuni saboda ranar da za a yi watsi da jirgi da mutanensa a wata tasha. Ana karya waɗannan ƙa'idoji, ba shakka, amma akwai wanda za a kama. Ɗan cin rani ba shi da kamfani. Ba wanda ya kawo shi balle a ce ya mayar da shi. Kodibuwar ta ɗora masa katin zama a 1990, sai a 2007 aka ɗauke wa ƴan CEDEAO shi. Da hanyar neman abinci ta juya arewa, tun daga 2014 Aljeriya ta riƙa tattaro mutane a manyan motoci tana saukewa a iyakar Asamaka. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. Ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za ta ci gaba da mutunta takardun ƴan ƙasashen uku da walwalarsu har sai an sake shawara. Wato zaman ɗan Nijar a Kumasi ko Abijan ya koma rataye da sanarwa, kamar yadda ya kasance a jajibirin 18 ga Nuwamba 1969.

Malaman makaranta su ne suka fi kowa sanin inda igiyar nan take farawa, domin su ke gamuwa da ɗalibin da ya kai ajin jarrabawa ba shi da takardar haihuwa, a shiga neman hukuncin alƙali da shaidu biyu. Yaron nan shi ne wanda gobe za a tambaya a wani shingen kan hanya ya tabbatar da ko shi wane ne. Akwai kuma aikin da ke jiran ƙungiyoyin al'adu na Filinge da Damana da Bonkuku da Balleyara. Labarin 1969 an rubuta shi daga bakin Gana, an rubuta shi daga bakin Yarbawan Ogbomosho, amma na dallol yana nan cikin ƙirazan tsofaffi. Wanda yake da shekara 20 a lokacin, yau ya haura 75. A je a same su da rakoda ko da wayar hannu, a tambaye su sunan maigidan da ya sauke su, da unguwar da suka zauna, da nawa suka sayar da kayansu, da hanyar da suka biyo, da wanda ya ba su ruwa a kan iyaka. A tambayi matan da aka zo da su daga Kurmi suka tsufa a nan, da harshen da suke yi wa jikokinsu wasa da shi. A wasu gidajen, in aka buɗe tsohuwar akwatin ƙarfe, za a tarar da katin aiki na tashar Takoradi ko rasiɗin haya na zangon Kumasi, naɗe cikin ƙyalle tare da layu.